Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Jihar Katsina Kan Baburan Ruwa Da Tsaron Rayuka A Madatsun Ruwanmu

Mai Girma Gwamnan Jihar Katsina,
Malam Dikko Umaru Raɗɗa,
Gidan Gwamnati, Katsina.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa ta girmamawa gare ka da muƙarrabanka, tare da addu'ar Allah ya dafa maka wajen sauke nauyin da ya ɗora maka, ina rubuto wannan wasiƙa daga Daura domin in jawo hankalin gwamnatinka ga wani al'amari wanda har yanzu bai girma ba, wanda kuma saboda haka ya fi sauƙin gyarawa a yau. Al'amarin shi ne shigowar abin hawan nan na shaƙatawa da ake kira babur ɗin ruwa, tare da ƙananan jirage masu inji da ake haya don kewaya, cikin madatsun ruwan da talakawa ke neman abinci a cikinsu, a hannun matasan da ba su taɓa koyon tuƙa su ba. Na rubuta ta a buɗe ne saboda maganar ta shafi 'yan Majalisar Dokoki, da masarautun Katsina da Daura, da iyayen yara, kuma ina so kowa ya ji abin da na roƙa.

Na san cewa matsalar tsaro ita ce ta fi cin lokacinka da kuɗin jiha, kuma babu mai hankalin da zai ce a ajiye ta a koma kan wasan ruwa. Abin da nake nema bai kai ya janye hankali daga wancan aiki ba. Ƙa'ida ce a rubuce, da mutanen da za su tsaya a bakin ruwa su tabbatar an bi ta, kafin wannan sana'a ta yi jijiya.

Ranka ya daɗe, jiharmu ba ta da teku, ba ta kuma da babban kogi irin Neja ko Binuwai, shi ya sa mutane da yawa ke ɗauka cewa haɗarin ruwa matsalar wasu ce. Amma muna da Zobe a Dutsin-ma, da dam ɗin Jibiya, da Ajiwa wadda birnin Katsina ya daɗe yana shan ruwanta, da Mairuwa da Gwaigwaye a yankin Funtuwa, da Sabke da Daberam a nan yankinmu na Daura. Babu ɗaya daga cikinsu da aka gina don wasa. An gina su ne don sha da noman rani, sannan jama'a suka ƙara musu wasu amfanoni da kansu. Wanda ya je bakin kowanne daga cikinsu da hantsi zai tarar da masunta sun baza taru, wasu na jefa birgi daga kwale-kwale, wasu sun kwanta a kan gora suna bin ƙugiyoyinsu, ga 'yan fito suna ƙetarar da mutane da buhuna zuwa ƙauyukan da ke hayi, ga mata da almajirai suna wanki, ga makiyaya sun kawo shanu, ga masu lambu sun jefa bututun injin ban-ruwa, ga kuma yara suna iyo ba tare da wani babba yana kallonsu ba. A kwanakin Salla kuwa, sai samari da 'yan mata daga gari su ƙaru a kan waɗannan duka, wasu ma ranar ce ta farko da suka taɓa shiga jirgi.

Mun riga mun ɗanɗana abin da cunkoso irin wannan ke haifarwa ko da babu gudu a ciki. A watan Mayun 2022, cikin shagulgulan ƙaramar Salla, kwale-kwale ya kife a ƙaramar hukumar Mai'aduwa, aka rasa rayuka fiye da goma, akasarinsu yara. Watanni kaɗan kafin nan, ranar 30 ga Nuwamban 2021, jirgi ya nutse a dam ɗin Watari da ke Ɓagwai a Jihar Kano ɗauke da ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi, aƙalla mutum 29 suka rasu. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri. Waɗannan jirage ne masu tafiya a hankali, a hannun mutanen da suka san ruwan. Tambayar da ke hana ni sukuni ita ce, me zai faru idan aka saki cikin wannan cunkoso wani inji mai gudun mota, aka kuma miƙa shi ga yaron da bai san komai game da shi ba sai abin da ya gani a bidiyon waya?

Ina roƙon ka ba ni dama in ɗan tsaya a kan yadda wannan inji yake aiki, domin a nan ne haɗarin yake, kuma a nan ne mafi yawan mutane ke kuskuren fahimta. Kamfanin Bombardier na Kanada ya fara fitar da nasa mai suna Sea-Doo a 1968, Kawasaki na Japan ya fitar da Jet Ski a 1973, wanda sunansa ya bi duk irin abin hawan, daga baya Yamaha ya shigo da WaveRunner. Dukkansu a kan tsari ɗaya suke. Ba su da farfela a waje, ba su kuma da abin juya akala a ƙarƙashi irin na babban jirgi. Injin yana zuƙo ruwa ta wata kafa mai raga da ke ƙarƙashin cikin babur ɗin, wata farfela da ke ɓoye a ciki ta matsa shi, sannan a feso shi da ƙarfi ta wani bututu a baya. Wannan feshi shi ke tura babur ɗin gaba, kuma shi ne ke juya shi, domin idan matuƙi ya karkata kan babur, bututun baya ne yake karkatawa. Saboda haka da zarar matuƙi ya saki totur, feshin ya mutu, juyawa ma ta mutu. Zai iya murɗa kan babur har ƙarshe, amma babur ɗin zai ci gaba da sulalewa a miƙe zuwa ga abin da yake ƙoƙarin kauce wa.

Duk yaron da ya tashi a Katsina ko Daura ya koyi abu ɗaya a kan titi: idan ka ga haɗari a gabanka, ka saki totur, ka taka birki, ka kauce. Wannan ɗabi'a ta zauna masa a jiki har ba ya buƙatar tunani kafin ya aikata ta. A kan babur ɗin ruwa kuwa, ita ce ke kai shi ga karo. Wanda ya ƙware ya san cewa idan zai kauce wa kwale-kwale, dole ne ya riƙe totur ko ma ya ƙara kaɗan sannan ya juya, abin da zuciyar mai tsoro ba ta yarda da shi sai bayan horo mai yawa. Birki ma babu shi a tsofaffin samfura. Sai a 2009 Sea-Doo ya fara sa wata na'ura mai rage gudu ta hanyar juya feshin ruwa, sauran kamfanoni suka biyo baya. Sababbin samfura suna da ɗan tallafi wajen juyawa idan an saki totur, amma kowa ya san kasuwarmu, na hannu muka fi saye, kuma mai haya ba ya gaya wa yaro wane iri ya hau.

Sai maganar gudu da nauyi. Manyan baburan ruwa suna haura kilo 300 tun kafin mutum ya hau, kuma masu ƙarfi daga cikinsu suna wuce kilomita 100 a awa. Ko mu bar wannan, mu ɗauki kilomita 60 a awa, wanda yaro zai kai cikin 'yan daƙiƙoƙi. A wannan gudu, babur yana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. Idan matuƙi ya juya ya kalli abokinsa da ke ɗaukarsa hoto na tsawon daƙiƙa biyu kacal, ya shafe fiye da mita 30 bai ga gabansa ba. Mai iyo kuwa kansa kaɗai ke bayyana a saman ruwa, masunci a kan gora bai fi shi tsawo da yawa ba, kuma da la'asar, lokacin da aka fi cika bakin dam, hasken rana yana dukan ruwa ya dawo cikin ido har mutum ya kasa bambance kan yaro da tulun da ke yawo.

A 1998 hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta yi nazari na musamman a kan waɗannan babura. Daga cikin abin da ta gano akwai cewa, saɓanin sauran jiragen shaƙatawa waɗanda nutsewa ce ke kashe mafi yawan mutane a haɗurransu, a babur ɗin ruwa buguwa ce ta fi kisa, wato karo da wani jirgi ko wani abu mai tauri. Ta kuma nuna rashin ƙwarewar matuƙa, musamman masu haya da masu aro, da wannan matsala ta rasa juyawa bayan sakin totur, a matsayin manyan dalilai. Wannan yana da muhimmanci gare mu, domin yana nufin rigar kariya daga nutsewa, duk da cewa wajibi ce, ba ta isa ita kaɗai ba. Riga tana hana mutum nutsewa, amma ba ta hana karyewar wuya ko fashewar kai.

Akwai kuma haɗarin da ba ya buƙatar karo. Kwale-kwalen fito idan ya yi lodi, abin da ke tsakanin bakinsa da ruwa wani lokaci bai wuce tafin hannu ba. Igiyar ruwan da babur ke tayarwa idan ya wuce kusa ta isa ta zuba ruwa a ciki, kuma ko ba ta zuba ba, ta isa ta firgita fasinjoji su miƙe ko su karkata gefe ɗaya, wanda shi ne asalin kifewar jirage da yawa.

Na ga kwatankwacin wannan da idona a wata ranar Salla, a bakin wata madatsa da ba zan ambaci sunanta ba. Wani mai haya ya kawo babur guda, samari sun kewaye shi, kowa riƙe da kuɗi. Yaron da layi ya zo kansa ba zai wuce shekara goma sha shida ba, yana sanye da kaftanin Salla da silifa. Duk koyarwar da aka yi masa ita ce aka nuna masa abin da zai matsa da yatsa, aka ce kada ya yi nisa. Igiyar nan da ake ɗaurawa a wuyan hannu, wadda ke kashe inji idan matuƙi ya faɗo, tana naɗe a kan babur ɗin, babu wanda ya kula da ita. Abokinsa ya hau bayansa, hannu ɗaya a kafaɗarsa, ɗayan riƙe da waya. Suka yi da'ira biyu a fili, a ta uku sai ga kwale-kwale ya taso daga hayi cike da mata da yara. Na ga lokacin da yaron ya gan shi, na ji ƙarar injin ta faɗi, na kuma ga ya murɗa kan babur amma babur ɗin bai juya ba. Dattijon da ke tuƙa kwale-kwalen ya ɗaga filafilinsa sama yana salati. Allah ya kiyaye, suka wuce ta bayansa da tazarar da ba ta kai tsawon mutum biyu ba, ruwa ya watsu cikin jirgin, wata mata ta cire kwanon da ta rufe abinci da shi ta shiga kwarfewa. Da yaron ya dawo gaɓa jikinsa na rawa, mai hayar ya karɓi babur ya miƙa wa na gaba. Ban ga laifin yaron ba kamar yadda na ga na babban da ya karɓi kuɗinsa, da namu duka da muka bar wurin babu doka.

Ranka ya daɗe, mun taɓa bin wannan hanya da acaɓa. Babura sun cika garuruwanmu tun kafin a yi tunanin lasisi ko horo ko iyakar shekaru, yaro ya koyi hawa da safe, da yamma ya fara ɗaukar fasinja. Da aka farga, asibitoci sun cika da masu karaya, kuma dubban gidaje sun dogara da sana'ar, ta yadda kowace doka ta zama kamar yaƙi da abincin talaka. Lokacin da hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta tilasta sa hular kwano a farkon 2009, an ga inda wasu suka kifa ƙwarya a ka don su wuce jami'ai, kuma a ƙarshe Kano ta hana acaɓa ɗungurungum a birni da kewaye a 2013. Dokar da ta zo a makare ko dai a yi mata dabara, ko ta zama hani mai cutar da mai laifi da marar laifi. A batun baburan ruwa har yanzu masu su kaɗan ne, babu ƙungiya, babu wanda zai ce an taɓa abincin dubban mutane. Tun ran gini ran zane.

Ƙasashen da suka riga mu sanin wannan inji sun sa masa ƙa'idoji bayan sun yi asarar rayuka, kuma babu dalilin da zai sa mu biya irin farashin da suka biya. A jihar Fulorida ta Amurka, wanda bai kai shekara 14 ba ba ya tuƙa shi, wanda bai kai 18 ba ba a ba shi haya, dole kowa ya sa rigar kariya, dole a ɗaura igiyar kashe inji, kuma an hana hawansa da dare. A Faransa sai da lasisi ake tuƙa shi, ba a kuma ba da lasisin ga wanda bai kai shekara 16 ba, sannan an keɓe mita 300 daga gaɓar teku inda ba a yarda da gudu ba saboda masu iyo. Birtaniya ta jinkirta, sai a 2023 ta shigar da shi ƙarƙashin dokar jiragen ruwa domin a iya gurfanar da mai tuƙin ganganci. Ba ina cewa a kwafo waɗannan dokoki yadda suke ba, domin ruwansu na wasa ne, namu kuwa gona ce da kasuwa da hanya. Wannan bambanci dalili ne na tsanantawa a wurinmu.

Na san za a ce maka ruwa ba hurumin jiha ba ne. Gaskiya ne cewa Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Gida, wato NIWA, wadda aka kafa a 1997 mai hedikwata a Lokoja, ita ce doka ta ba kula da sufurin ruwa, kuma a watan Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta tabbatar da ikon gwamnatin tarayya a shari'ar da aka yi da Jihar Legas. Gaskiya ne kuma cewa Zobe da Jibiya suna ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Amma ƙasar da ke bakin ruwan ta jiha ce, izinin yin sana'a na jiha da ƙananan hukumomi ne, yaran da ke hawa 'ya'yan Katsina ne, kuma idan abu ya faru, kai ne za ka je ta'aziyya. NIWA tana da ƙa'idojinta a kan sa rigar kariya da hana lodi fiye da kima da hana tafiyar dare. Abin da ya rage shi ne a sami wanda zai tsaya a Sabke ko Mairuwa ranar Salla ya aiwatar da su. Yarjejeniyar aiki tsakanin jiha da waɗannan hukumomi biyu za ta warware batun hurumi ba tare da an je kotu ba.

Babban abin da nake roƙo shi ne a ɗora nauyin a kan mai babur. Ba za a iya bin kowane yaro gida a koya masa ba, amma masu haya ana iya ƙirga su. Kada wani ya sa babur ko jirgi mai inji a madatsar ruwa don haya ko don kansa sai ya yi rajista, an ba shi lamba da aka rubuta da manyan baƙaƙe a jikin abin hawan yadda masunci zai iya karantawa daga nesa ya kai ƙara. Sharaɗin rajistar ya haɗa da inshora, da rigunan kariya masu girma daban-daban har da na yara, da igiyar kashe inji mai aiki, da littafin da ake rubuta sunan duk wanda ya hau. Kada a ba wanda bai kai shekara 18 haya, kada kuma a ba kowa sai ya nuna a aikace, a wani keɓaɓɓen wuri, cewa ya iya kaucewa yana riƙe da totur, ya san nisan da babur ke ci kafin ya tsaya, ya san cewa idan jirage biyu suka fuskanci juna kowa dama yake bi, mai wucewa shi ke ba da tazara, mai inji kuma shi ke kauce wa mai filafili. Wanda bai ci wannan gwaji ba, ya hau a baya, ƙwararre ya tuƙa shi. Idan mai haya ya saɓa, aka yi ɓarna, doka ta ce da shi ake shari'a tare da matuƙin. Wannan ba baƙon hukunci ba ne a wurinmu, domin a fiƙihun Malikiyya da ake karantarwa a zaurukanmu, mahayin dabba da mai janta da mai kora ta duk suna lamunin abin da ta taka.

Na biyu a muhimmanci shi ne raba ruwan. A kowace madatsa da aka yarda a yi wasa, a keɓe yanki guda nesa da mashaya, da wurin wanki, da hanyar 'yan fito, da inda masunta ke kafa taru, a zagaye shi da alamomi masu yawo. Ba sai an yi odar kaya daga waje ba, jarkokin da aka shafa wa jan fenti aka ɗaure da igiya da dutse za su yi aikin. Daga gaɓa zuwa wannan yanki a bi layi ɗaya, a hankali, ba tare da tayar da igiyar ruwa ba. A ƙayyade yawan baburan da za su kasance a ruwa lokaci guda, a kuma rufe kafin magariba. Kusa da bangon dam, da inda ruwa ke malala da damina, da inda ake zuƙar ruwan sha, a hana shiga gaba ɗaya. A ganina madatsar da gari ke sha kai-tsaye, irin Ajiwa, gara a hana baburan a cikinta baki ɗaya, domin tsofaffin injuna masu haɗa fetur da baƙin mai suna zubar da wani kaso na man da bai ƙone ba cikin ruwa, dalilin da ya sa aka hana irinsu a tafkin Taho na Amurka tun 1999.

Wajen shata waɗannan iyakoki, ina roƙon kada a zauna a ofis a zana taswira. Sarakunan ruwa da tsofaffin masunta sun san inda kututtukan itatuwan da ruwa ya cinye suke, sun san duwatsun da ke lafe da damina su kusanto sama idan ruwa ya ja baya da bazara, abubuwan da ba a gani a ruwanmu mai laka sai an buge su. Su ne kuma ke shiga nutso su ciro mutane duk lokacin da aka yi haɗari, galibi ba tare da ko sisi ba. A sa su cikin kwamitin kowace madatsa ta hannun hakimai da dagatai, a ba su alawus, a ba su ikon dakatar da duk wanda ya karya ƙa'ida har jami'an tsaro su iso.

Akwai wani abu da ya keɓanta da mu wanda dokokin Turai ba za su tuna mana ba, wato sutura. Kamfanonin da ke ƙera baburan sun yi gargaɗi a kan tufafi masu yalwa da dogon gashi, domin kafar da ke zuƙar ruwa tana iya janye su idan mutum ya faɗo kusa da ita inji na aiki. Babbar riga da dogon hijabi da gyale idan suka jiƙe suna nauyi, suna kuma naɗe ƙafafu. Sun kuma yi gargaɗi cewa feshin da ke fita ta baya yana iya yi wa fasinjan da ya zame rauni mai tsanani a cikin jiki idan tufafinsa marasa kauri ne. Mafita a nan ita ce mai haya ya tanadi sutura mai rufe jiki wadda ba ta yawo, da wando mai kauri, a kuma ware wa mata lokacinsu, ta yadda za a kiyaye rai da mutunci tare. Haka nan duk wanda aka ga alamar ya sha ƙwaya ko wani abin maye, kada ya kusanci inji, kuma wannan aiki ne da Hisba za ta iya taimakawa a kai.

Sauran buƙatun gajeru ne. A kwanakin Salla a ajiye jirgin ceto da jami'an kashe gobara da ma'aikacin lafiya a madatsun da aka fi cika, domin wanda ya nutse mintoci kaɗan gare shi, kuma motar da za ta taso daga gari gawa take zuwa ɗauka. A koya wa masunta da 'yan fito yadda ake farfaɗo da numfashi ta danna ƙirji, a maimakon juya mutum ana matsa masa ciki kamar yadda aka saba. A raba wa 'yan fito rigunan kariya, domin su ne ba su da halin saye. Hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha ta riƙa rubuta kowane haɗarin ruwa, har da wanda ba a mutu ba, don a san inda matsala take taruwa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 25 ga Yulin kowace shekara don yaƙi da nutsewa, ranar da ke faɗowa tsakiyar damina lokacin da madatsu da kududdufai suke cike, kuma gidajen rediyon jiha da limaman Juma'a za su iya amfani da makon wajen faɗakarwa.

Wasu za su ce ajali idan ya zo babu makawa. Haka ne, kuma babu Musulmin da ke jayayya da ƙaddara. Amma Allah da ya ƙaddara ajali shi ne ya hana mu jefa kanmu cikin halaka, Manzonsa (SAW) kuma ya hana cuta da cutarwa, ya umarci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara. Wanda ya miƙa wa yaro inji mai wannan ƙarfi a tsakiyar mata da ƙananan yara ba tare da koyarwa ba, sakaci ya yi, kuma sakaci abin tambaya ne a duniya da lahira. Wasu kuma za su ce ƙa'idoji za su kori masu zuba jari, alhali matasanmu na buƙatar aiki da wurin shaƙatawa na halal. Ni ma ina son ganin bakin Zobe da Sabke sun zama wuraren da magidanci zai kai iyalinsa, samari su sami aikin tuƙi da gyara da ceto. Sai dai mai jarin kirki ya fi son wurin da ke da tsari, kuma haɗari guda mai muni ya isa ya sa a rufe sana'ar gaba ɗaya cikin fushi, kamar yadda aka dakatar da jiragen haya a Ɓagwai bayan abin da ya faru, mutanen hayi suka shiga wahala.

Saboda haka, Mai Girma Gwamna, ina roƙon ka umarci ma'aikatun da ke kula da albarkatun ruwa da sufuri da yawon buɗe ido su zauna da wakilan NIWA, da Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, da masarautu biyu, da sarakunan ruwa, su fitar da ƙa'idojin wucin gadi kafin Salla mai zuwa, a rubuta su da Hausar boko da ajami a kafa a bakin kowace madatsa, sannan a miƙa wa Majalisar Dokoki ƙudurin da zai mayar da su doka. Kafin a kammala wannan, ina roƙon a dakatar da ba da hayar baburan ruwa a duk madatsun jihar.

Allah ya taimake ka, ya ba jiharmu lafiya da zama lafiya.

Wassalamu alaikum.

Naka mai biyayya,
Wani malamin makaranta kuma uba,
Daura, Jihar Katsina.